Baffa Mai Keke da Wayar da Ta Bi Ta Sama

Ranar Talata da hantsi muka kai Baffa makwancinsa, kafin azahar tabarmi sun cika ƙofar gida har sun tsallaka kwata. Wanda ya ba mu shi aro ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu can muka nufa. Baffa wan mahaifina ne. Tun kafin a haife ni yake gyaran keke a gindin darbejiyar nan ta bayan kasuwar Kazaure.

Na zauna a bakin tabarma ina karɓar gaisuwa, amma gaskiya ba gaisuwar nake saurare ba, fuskoki nake dubawa. Kowa ya zo sai ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mutum ne mai amana." In aka zo kan amanar nan sai in ga wani ya saci kallona, wani kuma ya sunkuya yana gyara tabarmar da ba abin da ya same ta. Ko ni ne kawai nake ganin haka? Mai yiwuwa. Mu 'yan gidan nan ba mu iya karɓar magana yadda ta zo ba, sai mun juya ta mun leƙa ƙasanta, kuma a wurin Baffa muka gada.

Mai sayar da kayan keke na layin kasuwa ya zo. Mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya cire takalmi ya zauna, idonsa jajur. Ya ce, "Shekara da shekaru, Baba bai taɓa sayen ko noti a wurina bai ce jabu ba ne. Kuma bai taɓa saye a wurin wani ba." Aka ɗan yi dariya, sai aka tuna inda ake, aka haɗiye ta. Mai gyara na bakin tasha shi ma ya zo, kuma addu'arsa ta fi ta kowa tsawo. Na lura da wannan, na ajiye a raina.

Gara in faɗi abin da ya hana ni sakewa a kan tabarmar, don shi ya sa nake wannan rubutu. Shekara ɗaya da rabi kafin rasuwarsa, ni da bakina na ce a majalisa Baffa ya sauya mini kaya. Da maganar nan a kansa aka binne shi. Abin da ya fi muni, ranar da muka binne shi ban gama yarda cewa ƙarya na yi masa ba.

Baffa bai yarda da komai ba sai ya taɓa. In ka kawo masa keke ka ce yanzun nan ya lalace, sai ya dube ka ta saman gilashinsa ya ce, "Wa ya taɓa shi kafin ni?" Ka rantse ba kowa, ya shafa noti da babban yatsa, ya nuna maka inda sifanar wani ta cinye gefensa. Man giris sai ya shinshina. Sabon tib sai ya hura shi ya tsoma a ruwa, yana cewa ai masu kamfani ma 'yan Adam ne. Ko labarin rediyo ya ji, abin da yake fara tambaya shi ne wa zai amfana in an yarda.

Bahago ne. Duk ƙarfen da ya gyara ko ya ƙera, sai ya ɗauki magagari ya yi masa tsaga uku ƙanana a inda ido ba ya kaiwa, kuma saboda hannun hagun, tsagar takan karkata gefe guda. Dalilinsa, kada wani ya kawo masa ɓarnar wani ya ce aikinsa ne. Keke kuma ba ya barin gindin darbejiya sai ya hau shi sau uku ya haura ɗan tudun da ke bayan rumfa. Yakan ce na farko keken yana jin kunya, na biyu yana daurewa, a na uku ne yake faɗin gaskiya.

Akwai wani gurgu da ke zuwa daga wajen Roni da kekensa na hannu. Komai layi, da ya iso Baffa zai ajiye abin da yake yi ya fara da nasa. Yana gyara yana masifa: "Kai dai tsere kake yi da masu acaɓa, na sani, sarƙa ba ta sakewa haka kawai." Mutumin ya yi ta dariya. Ban taɓa ganin ya miƙa wa Baffa komai ba, ban kuma taɓa ganin Baffa ya miƙa hannu ba. Ranar zaman makoki shi ne ya ƙi hawa tabarma, ya tsaya a rana jikin kekensa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Rigimarmu kan wayar giya ta samo asali.

Da man fetur ya yi tsadar da ya yi, na jingine babur a zaure. Ni malamin gona ne, aikina yawo ƙauyukan da ke tsakanin Roni da Gwiwa, hanya kuwa duk hawa da gangara da tsakuwa. Keke mai giya nake bukata. A kasuwar Babura na sami firam, wato gangar jikin keken tsurarta, ba taya ba sirdi, cikin kayan Kwatano da ake shigowa da su ta Nijar. Mai shi har da faɗa mini kuɗinsa da sefa don in san ba na wasa ba ne. Shuɗi ne, da yatsa biyu kake ɗaga shi. Sauran kayan na tattara su ɗaya bayan ɗaya. Wadda na fi ji da ita ita ce giyar gaba, ɗan ƙarfen nan da ke maƙale sama da feda yana tura sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan. Sabuwa fil na saye ta, a ledarta, tana ƙyalli.

Na kwashi kayan na kai wa Baffa ya haɗa mini. Bai ko kalli giyar ba da farko. Firam ɗin ya ɗora a cinya yana bin sandunan da yatsa. A jikin irin wannan firam akwai 'yan ƙananan ƙarafa masu rami da aka manna, inda waya take bi ta wuce. Shi kunnuwa yake ce musu.

Ya ce, "Malamin gona, zo ka karanta mini. Kunnuwan nan ina suka bi?"

Na ce, "Sandar sama, Baffa, daga kai zuwa sirdi."

"Daga nan fa?"

"Ga ɗaya a bayan sandar sirdi, yana kallon ƙasa."

"To kifa shi ka duba gindin feda. Akwai hanya?"

Na kifa. Wurin sumul yake, ba rami ba kunne.

Ya ce, "Wanda ya ƙera firam ɗin nan ta sama ya tsara wa waya hanya, don kada laka da yashi su ci ta. Ita kuwa wannan mai ƙyallin taka, daga ƙasa take so a ja ta. Waya ta sauko mata daga sama, hannunta yana jira daga ƙasa. In ka ja, tsayawa za ta yi tana kallonka."

Na ce to a bi da wayar ta ƙasa mana. Ya ce ba hanya, sai dai a huda firam, ko a ɗaure wayar da robar tib kamar ɗaurin itace. Ramin da aka huda a gindin feda kuwa, a hanyar duwatsu irin tawa, daga nan tsagewa take farawa, kuma ba ta sanarwa sai kana tsakiyar gangara. Ya jawo wani gwangwani ya zaro tsohuwar giya, baƙa, duk ta koɗe, irin wadda ake ja daga sama. Ita ya ɗaura mini. Sabuwar kuwa ya jefa ta akwatinsa na ƙarfe ya ce, "Bar ta nan, ina tunani a kanta."

Na tafi raina ba daɗi, amma da ban tsaya shan iska a bakin tasha ba da watakila shi ke nan. Mai gyaran wurin yana buga mini famfo ya duƙa ya leƙa.

Ya ce, "Malam, wannan ai tsohuwa ce. Ba kai aka ce ka sayi sabuwa ba?"

Na ce tana wurin Baffa, wai ba ta dace da firam ba.

Ya ce, "Ba ta dace ba? Ni minti goma na huda na ɗaura maka." Ya miƙe yana goge hannu, ya ƙara kallon tsohuwar, ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ta bi ni har gida. Kwana biyu ina juya ta, ina tuna cewa Baffa ya tsufa, aiki ya ragu, kuma irin giyata masu nema ba su da iyaka. Rana ta uku na koma gindin darbejiya.

Na ce, "Baffa, giyata na zo karɓa."

Ya ce, "Ka kai wa mai huda?"

"Ai kayana ne."

"Firam ɗin ma naka ne, da wuyanka da ke bisa kansa. Shi ya sa."

Na ce, "To a nuna mini ita in gani."

Nan ya ajiye sifana. Ya cire gilashi ya dube ni, kuma ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Akwatina kake so in buɗe ka yi mini bincike? Ni?" Ya ce, "Na ce tana nan. Ɗauki kekenka, ɗan ƙanena."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana binciken kowa, sai ga shi bai iya ɗaukar bincike ɗaya ba. A lokacin haka na fassara abin: wanda ba shi da abin ɓoyewa me zai hana shi buɗe akwati? Da la'asar ɗin ranar, a majalisarmu ta wurin mai rake, na ce, "Baffa ya sauya mini kaya. Sabuwa na kai, tsohuwa na karɓo." Sau ɗaya na faɗa, kuma ban ɗaga murya ba.

Cikin mako guda maganar ta zagaye kasuwa. Gwaggo, ƙanwarsu Baffa da mahaifina, ita ta zo har gida ta same ni. Ta ce wani dattijo mai awon hatsi daga Gwiwa, wanda ya fi shekara talatin yana kawo wa Baffa keke, ya zo ya ɗauke nasa da taya a kwance. Wai in mutum zai yi wa jininsa haka, ina ga bare. Ta ce, "Ka ji abin da ka jawo?" Na ce mata ai magani a hannunsa yake, ya buɗe akwati. Ta ce, "Kai da shi duk kanku ɗaya, dutse."

Baffa bai taɓa mayar da martani ba, ko a gida ko a kasuwa. Gaisuwa ba mu daina ba. Ranar Sallah in durƙusa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya kalli keken da na jingine a bango ya ce, "Waya na nan ta sama?" In ce, "Tana nan, Baffa." Hirarmu ke nan har shekara ɗaya da rabi. Idonsa ya yi ta raguwa, rumfa ta koma sai jefi-jefi yake buɗe ta. Tsohuwar giyar kuwa, damina biyu ina ratsa laka da ita ba ta taɓa ƙin shiga ba, kuma wannan ƙara mini haushi yake yi.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, aka zo kan abin da aka saba in mai sana'a ya rasu: a mayar wa jama'a kayansu da ke hannunsa kafin a taɓa maganar gado. Aka ɗauko akwatin ƙarfen daga rumfa aka ajiye a zaure. Gwaggo ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida, mabuɗi a hannunta.

Ta ce, "Kada kowa ya taɓa kwaɗon nan. Ɗan nan zai buɗe, tunda shi ya fi kowa son ganin cikinsa."

Liman yana nan, mai kayan keke yana nan, na bakin tasha ma yana raɓe a bakin ƙofa. Na karɓi mabuɗin. In giyar ba ta ciki, sunan Baffa ya gama lalacewa a gaban kowa. In tana ciki, ni ne na yi wa wan ubana ƙazafi har ya mutu. Kuma zan faɗi abin da nake jin kunyarsa har yau: lokacin da nake murɗa mabuɗin, wani ɓangare na zuciyata fata yake kada a same ta.

Komai a cikin akwatin a ƙulle yake cikin leda, kowace leda da guntun kwali da ya rubuta wa mai ita alama da ajami. Fedar wane, birkin wane, ƙararrawar wane. Muka yi ta fitarwa liman yana karantawa. A can ƙasa akwai gwangwanin madara. Na buɗe, ga giyata, tana ƙyalli kamar ranar da na saye ta.

Ba ita kaɗai ba ce a ciki. Akwai 'yan tayoyi guda biyar, kowace girman murfin kwalba, da kwari a gefenta inda waya za ta kwanta, kowace a jikin ɗan maɗaurin ƙarfe. Huɗu an karce su da ƙusa, alamar an ƙi su. Akwai kuma zare mai ƙulli biyu. Liman ya ɗaga kwalin ya karanta: "Na ɗan ƙanena. Waya ta sama. Sai ya zo da keken."

Ban gane tayoyin ba sai da mai kayan keke ya matso ya ɗauki ɗaya. Ya ce, "Wannan ake ɗaurawa a ƙasan sandar sirdi. Waya ta sauko daga sama, ta zagaye ta, ta koma sama, sai ta ja giyar daga ƙasa yadda take so. Ba huda, ba roba. Sau uku Baba ya zo nema wurina, na ce ko a Kano ban gani ba, ya ce ƙarya nake. Sai ya riƙa sayen matattun giyoyin baya yana cire 'yan tayoyinsu yana gogewa da magagari. Zaren nan kaurin sandarka ne, tun ranar farko ya auna."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Ya ce in na faɗa wa kowa ya daina saye a wurina. Kai ma ba ka tambaye ni ba, Malam."

Na miƙe tsaye a zauren nan na faɗi abin da na faɗa a wurin mai rake, kalma da kalma, na ce ƙarya na yi wa Baffa, kowa ya shaida. Aka yi ta cewa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da na duba bakin ƙofa, na bakin tasha ya sulale, amma ba ni da bakin zarginsa, shi "to" kawai ya ce, sauran ni na ƙarasa.

Gwaggo ba ta ce Allah ya yafe ba. Ta ce, "A zaure ka wanke shi. Maganarka kuwa ta kai Gwiwa. Sai ka bi ta."

Washegari ni da mai kayan keke muka zauna a gindin darbejiya muka cire tsohuwar giyar. Muka zura waya daga kan keke ta bi kunnuwan sandar sama, ta gangaro bayan sandar sirdi, ta zagaye taya ta biyar, ta koma ta kama hannun sabuwar. Maɗaurin ya rungumi sandar daidai, ba sai an ƙara ko an rage ba, alhali mai ƙera shi bai sake taɓa keken ba tun ranar da na ɗauke shi, kuma da ido rabi ya yi aikin. Na haura tudun bayan rumfa sau uku ina neman aibu. A na ukun na sauka na zauna a kan dutse, don ban iya ganin hanya ba.

Ranar kasuwa na tafi Gwiwa. Na sami dattijon mai awon hatsi a gaban buhunansa, na gaishe shi, na gaya masa ko ni wane ne, na ba shi labari tun daga firam har gwangwanin madara. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi. Amma yaro, wa ya san ba kai ka saka ta a akwatin ba, don ka rufa wa gidanku asiri?"

Ban yi fushi ba. Da Baffa aka ba wannan labari, tambayar da zai yi ke nan. Na kifa keken a gabansa na ce, "Baba, taɓa ƙasan maɗaurin nan."

Ya duƙa da ƙyar, ya zura babban yatsa ƙarƙashin 'yar tayar. Na ga yatsan ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi a hankali. Sai ya miƙe ya je inda kekensa yake jingine, ya shafa ƙasan birkinsa, ya daɗe a tsaye ya ba ni baya.

Ya ce, "Uku ne. Kuma sun karkata. Bahago ne."

Ya dawo ya zauna a kan buhu, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Da taya a kwance na ɗauke masa keke. Ya ce in bari ya ƙarasa ɗaure mini ita kada in faɗi a hanya, na ƙi." Ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Mutum ne mai amana."

Kwana uku na yi ina jin wannan magana a kan tabarma ina leƙa ƙasanta. A gaban buhunan geron nan ne na fara cewa amin ban kalli fuskar kowa ba.